Likita ya ce in rage kiran 'yata a waya: magani ne ko koyon sakaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekaruna 58, ina zaune a Zariya. Maigidana ya rasu, babban ɗana ma hatsarin mota ya yi ajalinsa shekara tara da suka wuce. Autata mai shekara 27 ta karanta harhaɗa magunguna, bara ta samu aiki a Abuja, tana zaune da wata ƙawarta a gidan haya. Tun da ta tafi ban da sukuni. A rana nakan kira ta sau takwas ko goma. Wani dare wayarta ta mutu, kafin asuba na tashi dangi kaf, ni kuma na kwana a asibiti jinina ya hau. Daga nan aka tura ni wurin likitan halayya, mun zauna sau huɗu. Yanzu ya ce in mayar da kiran sau ɗaya a rana, in kuma daina tambayar ƙawarta labarinta. Ni gani nake wannan tarbiyyar Turawa ce. 'Ya mace ce, ba ta yi aure ba, amana ce a wuyana. In ci gaba da zuwa ko in bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida da yaronki, ya kai haske kabarinsu.

Ki ci gaba da zuwa. Sai dai kada ki koma ki zauna gabansa kina gyaɗa kai, alhali a ranki kina cewa wannan yaron bai san ciwon 'ya mace ba. Maganar nan da kika rubuto min, ita za ki ɗauka ki dire masa yadda take, har da batun Turawan. Likitan halayya da ya san aikinsa ya fi son a yi masa gardama a fili da a ce masa "to" a tafi gida a ci gaba da abin da aka saba. Ni ban zauna da ke ba, don haka ba zan raɗa wa abin da ke damunki suna ba, wannan aikinsa ne. Amma na daɗe ina zama da iyaye masu irin wannan kuka, kuma zan iya gaya miki dalilin da ya sa ya taɓa wayar tun kafin ya taɓa komai.

Mu ɗauki yammaci guda. Kin idar da la'asar, kina kan darduma, wayar tana gefen carbi. Tun ƙarfe uku kika tura mata saƙo a WhatsApp, alamar nan guda ɗaya ce ta fito, ta ƙi zama biyu. Sai ki ji wani abu ya tokare miki ƙirji. Da farko tunanin mai sauƙi ne: ƙila caji ne ya ƙare, ƙila layi ya yi mata yawa a wurin aiki. Can sai ya juya: ko motar 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, ta shiga? Kafin minti biyar kin ga asibiti, kin ga makara, kin ga mata sun cika tsakar gida. Sai ki danna kira. Ta ɗauka, ta ce, "Mama ina aiki, zan kira ki." Nan take ƙirjin ya saki kamar an sauke miki buhun masara. Kin yi hamdala, kin tashi kin ɗora girki.

To wannan sauƙin da kika ji, a nan matsalar take kwana. Ƙwaƙwalwa ɗaliba ce mai saurin ɗauka, ke malama kin fi ni sani. Darasin da ta ɗauka a yammacin nan shi ne: tsoro ya zo, kira ya kore shi. Abin da ba a ba ta damar koya ba shi ne cewa ko ba ki kira ba yarinyar lafiya lau take, kuma tsoron da kansa zai sauka in an ƙyale shi, domin jiki ba ya iya zama a ƙololuwar firgici har abada. Saboda haka gobe tsoron zai dawo da wuri, ya kuma nemi kira da wuri. Da awa huɗu kike iya jira, sai ya koma biyu, sai ya koma ɗaya. Haka kira biyu ya zama goma ba tare da kin shirya ba. Susar ƙazuwa ce: daɗi a lokacin, miki daga baya. Daren da wayarta ta mutu kuwa, maganin da kika dogara da shi ne ya ɓace farat ɗaya, ba ki da wani a ajiye, shi ya sa jikin ya kai ki gadon asibiti.

Wasu masana a Kanada, Michel Dugas da abokan aikinsa, tun ƙarshen shekarun 1990 suka bayyana cewa itacen da ke rura wutar irin wannan zullumi shi ne kasa jure rashin tabbas. Kowa ba ya son zama cikin duhu, amma a wurin wasu ɗan ƙanƙanin "ban sani ba" yana yi musu abin da ƙura ke yi wa mai asma. Mai wannan hali yakan ɗauka maganinsa shi ne ya samu tabbas, sai ya yi ta tambaya, ya yi ta dubawa. Tabbas kuwa ba ya samuwa a kan ɗan Adam mai rai da ke yawo a gari. Kin ji muryarta ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu da kwata fa? Don haka hanyar da ta rage ita ce a ƙara wa zuciya ƙarfin ɗaukar rashin sani, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake koya wa yaro azumi daga rabin yini. Daga abin da kika bayyana, likitanki yana bin tsarin gyaran tunani da ɗabi'a ne, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CBT, wanda wani likita a Amurka, Aaron Beck, ya kafa harsashinsa a shekarun 1960. A Ingila, ƙa'idar da aka shimfiɗa wa masu fama da yawan fargaba ita ce zama 12 zuwa 15, mako-mako. Ke kin yi huɗu. Kuma in gaya miki gaskiya, makonnin farko na rage kira sun fi na baya wuya, tsoron yakan ƙaru kafin ya fara sauka. Masu barin magani galibi a daidai wannan gaɓar suke bari, su tafi da cewa bai yi aiki ba.

Yanzu batun tarbiyyar Turawa. Hajiya, ki tuna yadda aka yaye ki, ko yadda kika yaye naki. Yaro ya kusa shekara biyu, a shafa wa nono maɗaci, a ɗauke shi a kai gidan kaka ya yi kwanaki, uwa tana gida nono ya cika yana zafi, tana jin kukansa a kunnenta ko ba ya kusa, amma ba ta bin sa. Ki tuna riƙo: goggo ta zo ta ce a ba ta wance, a haɗa mata kayanta a ƙullin zane, sai sallah a gan ta. Ki tuna fatake da ke tafiya Gwanja sayen goro su yi watanni, da 'yan ci-rani, da alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa suka yi shekaru kafin a sake jin ɗuriyarsu. Amarya a kai ta wani gari, uwarta kuwa don alkunya ba za ta taka gidan ba sai da babban dalili. Ban ce duk abin da aka yi a da daidai ne ba, akwai yaran da aka tura nesa tun ba su san hagu da dama ba, kuma sun sha wuya, har yau ma ana sha. Abin da nake nuna miki shi ne sakin ɗa ya tafi, da haƙurin rashin jin labarinsa, ba daga Landan aka kawo mana ba. Abin da ya zo daga baya shi ne kira goma a rana. Wayar salula irin ta GSM da muke riƙewa yanzu sai 2001 ta shigo Najeriya. Kakarki ba ta gaza ki son 'ya'ya ba, hanyar susar ce ba ta da ita, sai ta koyi haƙuri dole. Ni a wurina abin da kike ciki yaye ne na biyu, sai dai a wannan karon uwar ake yayewa, kuma wayar ce ake shafa wa maɗaci.

Duk da haka ba zan ce zarginki ba shi da tushe ko kaɗan ba. Akwai masu aikinmu da suka haddace littattafan waje suka dawo suna gaya wa iyaye cewa yaro in ya kai 18 babu ruwanka da shi. Wannan magana ba ta zauna a gidan Bahaushe ba, kuma ko a fagen ilimin ba kowa ya yarda da ita ba. Wata farfesa 'yar Turkiyya, Cigdem Kagitcibasi, wadda ta fito daga al'umma mai riƙon dangi kamar tamu, ta yi shekaru tana nuna cewa an cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: mutum ya iya yanke shawarar rayuwarsa da kansa, da mutum ya yanke alaƙa da danginsa. Ana iya samun na farko ba tare da na biyu ba. 'Yarki tana iya zaɓar unguwar da za ta zauna, da yadda za ta kashe albashinta, da lokacin da za ta kwanta, kuma ta kasance mai neman albarkarki, mai zuwa sallah gida, mai kawo miki maganar wanda ya fito neman aurenta kafin kowa ya ji. In likitanki yana nufin ki cire hannu daga rayuwarta ɗungurungum, ki yi masa musu, ina bayanki. In kuwa yana nufin ki sauka daga kujerar mai gadi ki koma kujerar uwa, to ya yi daidai. Ki tambaye shi wanne yake nufi. Kuma ki roƙe shi a saka Auta a zama ɗaya, ko ta waya ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarin nan a Aro ta Abeokuta inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa ana yi masa magani, saboda ya gane cewa a nan ba a warkar da mutum a ware shi daga mutanensa.

Kin ce amana ce a wuyanki. Haka ne. Amma ki dubi Annabi Yaƙub, alaihis salam, a Suratu Yusuf, domin labarinsa ya yi kama da naki fiye da yadda kike zato. Uba ne da ya saki ɗa guda, yana tsoron kada kerkeci ya cinye shi, aka dawo masa da riga da jini. Shekaru suka wuce, sai ga 'ya'yan sun zo suna neman ya ba su ƙanen su tafi da shi Masar. Bai ɓoye tsoronsa ba, ya tuna musu abin da ya faru da na farko. Amma dubi abin da ya yi. Ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga gare su. Ya ba su shawarar tsaro, ya ce kada su shiga ta ƙofa ɗaya, su rarrabu. Sannan a numfashi guda ya faɗa da bakinsa cewa dabararsa ba za ta tunkuɗe musu komai daga hukuncin Allah ba, tun da farko ma ya riga ya ce Allah ne mafi alherin mai tsaro. Sai ya sake shi ya tafi. Ya yi baƙin ciki, ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai ɓoye wannan ba. Wato tawakkali bai hana shi jin zafi ba, zafin kuma bai sa ya ɗaure yaron a gida ba. Raƙumin nan da aka ce a ɗaure sannan a dogara ga Allah, sau ɗaya ake ɗaure shi. Wanda ke tashi kowane minti goma ya je ya taɓa igiyar, wani abu ne daban yake damunsa.

Kuma tsoronki ba na banza ba ne, ba zan raina miki hankali ba. Duk wanda ke da ɗa da ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san abin da hanyar ta gani, kuma ba mu manta harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ba. Tambayar da nake yi wa iyaye ita ce: a cikin abubuwan da kake yi, wanne ne yake ƙara wa yaron tsaro, wanne ne kai kaɗai yake kwantar wa hankali? Ta shiga mota a tasha maimakon bakin titi, kada ta yi tafiyar dare, ta sanar da ke in za ta kamo hanya da in ta sauka, ki samu lambar mutum ɗaya a wurin aikinta da ɗaya a gidan da take, saboda larura ta gaske: waɗannan ɗaurin raƙumi ne. Kira na bakwai da ƙarfe biyu na rana tana tsaye tana ƙirga ƙwayoyin wani majinyaci, me ya kare ta daga gare shi?

Ga wani abu da iyaye ba su cika son ji ba. Yawan sa ido yana rage abin da kike sani game da 'yarki. Wata budurwa ma'aikaciya ta taɓa zama a ofishina, mahaifiyarta tana waje tana jira, ta ce min ta yi zazzaɓin taifot na mako guda har da ƙarin ruwa, amma kullum sai ta gyara murya ta ce wa uwar tana wurin aiki. Na ce me ya sa? Ta ce, "In na faɗa mata, ciwona zai zama biyu, ga nawa ga nata." Yarinyar ba maƙaryaciya ba ce, ta dai koyi cewa kowane labari mara daɗi in ya isa gida sai ya ninka goma ya dawo mata. Sai ta fara tacewa. Yau ta ɓoye zazzaɓi, gobe ta ɓoye saɓani da shugabanta a wurin aiki, jibi ta ɓoye mutumin da ke damunta da kira. Ranar da babbar matsala ta zo, wadda take buƙatar uwa da gaske, bakin ya riga ya saba da "lafiya lau Mama". Ina zargin tun daren da kika kwana a asibiti, Auta ta fara auna kowace kalma kafin ta gaya miki. Wannan nauyi ne babba a kan yarinya, ta san cewa cajin wayarta yana iya kwantar da mahaifiyarta.

Tambayar ƙawarta kuwa, a nan ina tare da likitanki ba tare da wani sharaɗi ba. Ki daina. Kin san ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ba a cire 'ya'yan da suka girma daga ciki ba. Ban da haka, ƙawar za ta gaya mata, ko ta riga ta gaya mata. Kin mayar da ɗakin da take kwana ya zama wurin da ake kai rahotonta. In akwai abin da kike son sani, ita za ki tambaya.

Yarda kuma ba a jiran ta sauko a zuciya sannan a yi aiki da ita. Aikin ake fara yi, zuciya ta biyo baya tana jan ƙafa. Kuma ba yarda ce ta makanta ake nema a wurinki ba. A Suratun Nisa'i, da aka zo maganar dukiyar marayu, cewa aka yi a jarraba su, in an ga shiriya da hankali a tare da su a miƙa musu kayansu. To ke ma ki duba jarrabawar da ta riga ta ci. Ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta yi shekarar horon aiki, ta yi bautar ƙasa. Kullum baƙin da ba su san sunanta ba suna miƙa mata takardar likita, su karɓi abin da ta ba su su haɗiya, inda kuskuren lamba ɗaya kan iya yin kisa. Ta yi shekara a Abuja tana biyan haya, tana tashi aiki ba mai tashinta. Ki zauna da takarda ki rubuta, a shekara biyar da suka wuce sau nawa ta ce za ta yi abu ta saɓa, sau nawa kika kama ta da abin kunya. In takardar ta fito kusan fara, to tsoron ba daga halinta yake fitowa ba.

Yadda zan so ki yi shi a aikace, in likitanki ya amince, shi ne kada ki yanke shi ke kaɗai a ɓoye. Ki kira ta ki ce, "Auta, ina ganin likita a kan fargabar nan, kuma zan rage kira. Ba fushi nake ba." Wannan jimlar ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin a gidajenmu in uwa ta yi shiru, fassararsa ɗaya ce. Sai ku tsayar da lokaci tare, misali bayan isha'i, kuma wasu ranakun ita za ta kira. Ku yi yarjejeniya a kan abin da za a kira larura: in lokacin ya wuce da awa kaza babu kira babu saƙo, ga mutum ɗaya da za ki nema, ba dangi kaf ba. In daga goma zuwa ɗaya ya yi miki tsalle da yawa, ki gaya masa ku sauka a hankali, huɗu a wannan mako, biyu a na gaba. Matakala ce, ba a ce sai kin dira daga soro ba.

Sai kuma littafi. Wani dattijo da na yi aiki da shi, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ɗansa ke aiki a kudu, shi ya nuna min amfanin wannan fiye da yadda na karanta. Ya sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya ja layi uku. Duk lokacin da hannunsa ya kai kan waya ba a lokacin da aka tsayar ba, sai ya rubuta abin da yake tsoron ya faru, ya ba tsoron maki daga sifili zuwa goma, ya ajiye wayar a aljihun babbar rigar da ke rataye a ɗaki, ya fita ƙofar gida ya zauna rabin awa. In ya dawo ya sake ba shi maki. Da dare bayan sun yi waya ya cike layi na uku: me ya faru a zahiri. Ranar da ya kawo min littafin ya cika shafuka, ya buɗe yana dariya yana jin kunya. Layin farko hatsari, sata, sharrin abokai, kora daga aiki. Layi na uku: yana wanka, yana masallaci, ya bar wayar a caji, yana barci. Makin kuma tara ya koma biyar, takwas ya koma huɗu, ba tare da ya kira kowa ba. Ya ce min, "Likita, ashe shekara biyu ina duba, ban taɓa cin ko ɗaya ba." Bai daina damuwa da ɗansa ba, har muka rabu yana damuwa. Barci dai ya dawo masa.

A cikin rabin awar nan za ki ji kamar kina aikata laifi. Zuciya za ta ce miki, in wani abu ya same ta a daidai wannan lokacin fa, ke kina zaune? Ki san da zuwan wannan muryar tun kafin ta zo. Ki yi alwala, ki ja numfashi a hankali kina tsawaita fitarsa, ki yi mata addu'ar da kika saba sau ɗaya, sannan ki sa hannunki a wani aiki. Na ce sau ɗaya da gangan, domin na ga waɗanda suka mayar da addu'ar ma ta zama susa, in ba su maimaita ta sau arba'in ba sai su ga kamar sun bar ƙofa a buɗe.

Akwai lokacin da ya kamata uwa ta ajiye duk wannan ta tashi tsaye. In kika ga ta rame ba dalili, ko maganarta ta canza tana jan harshe, ko ta daina zuwa aiki, ko tana yawan neman kuɗi alhali tana da albashi, ko ta yanke hulɗa da kowa, ko ta furta cewa ta gaji da rayuwa, wannan ba wurin ba da maki ba ne, ki shiga mota ki je. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Maganar mutane kuwa, na san tana ciki ko ba ki rubuta ba. A gidan biki wata za ta karkato ta ce, "Har yanzu wance tana Abujan ita kaɗai?" Ki raba wannan da tsoron lafiyarta, domin ba magani ɗaya suke sha ba. In zamanta a gidan haya ne bai kwanta miki ba, wannan magana ce ta manya biyu: ki zauna da ita in ta zo gida, ki faɗi ra'ayinki sau ɗaya a fili, ki ji nata, ku duba ko akwai dangi a can da za ta riƙa kai wa ziyara. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki jawo albarka cikin cinikin. "In ba ki ɗauki wayata ba ban yafe ba" tana sa a ɗauki waya, amma 'yar da ke ɗauka don tsoron baki ba hira take yi da ke ba.

Ki kuma duba yininki. Shekara talatin ko fiye kina tsaye gaban allo, yara suna kiran Malama ta ko'ina, gida cike. Yanzu ritaya, maigida babu, ɗaki shiru. Zuciyar da ta saba kula da mutum hamsin ta koma kan mutum ɗaya, dole ya ji nauyi. Islamiyyar unguwa, ko 'yan matan da ke shirin jarrabawar fita sakandare, ba za su ƙi malama irinki ba. Maganin hawan jininki kuma ki ci gaba da sha yadda aka rubuta, ki riƙa aunawa. Kada ki karɓi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, irin su diazepam suna kama mutum, kuma ga mai shekarunki suna kawo jiri da faɗuwa. In rashin barcin ya yi tsanani, likitan halayyar zai iya haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa su duba ko akwai buƙatar magani, babu abin kunya a ciki.

Na bar abu ɗaya sai yanzu. A wasiƙarki kin ba rasuwar babban ɗanki rabin layi, kika wuce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina so ki tambayi kanki yadda labarin ya iso miki a ranar. Ta waya ne? Kin yi ta kiransa ba a ɗauka ba kafin a gaya miki? Akwai wani abu da kike gaya wa kanki tsawon shekara tara, cewa da kin kira shi, da kin hana shi tafiyar? A gidajenmu ana ba mai makoki kwana uku, bakwai, arba'in, daga nan duk wanda ya ga hawaye sai ya ce a yi haƙuri, addu'a yake buƙata. Uwa ta haɗiye, musamman a kan ɗan fari da ko sunansa ba ta saba faɗa ba. In likitanki bai san wannan labarin dalla-dalla ba, to da rabin bayani yake aiki. A zama na biyar, kafin ya tambaye ki sau nawa kika kira Auta a wannan makon, ki ce masa kina so ki ba shi labarin ranar da yayanta ya rasu, tun daga safiyar.